Bakin Judith

An yi wani mutum a nan Kakuri, ba zan kama sunansa ba don wasunku sun san shi. A masaƙa yake aiki. Ƙarar injuna ta yi ta cin kunnensa har ya zama sai an yi masa ihu.

Amma Allah ya ba shi mata, Judith. Ita ba ta yi masa ihu. Sai ta juyo da fuskarta ta yi magana a hankali, shi kuma ya karanta leɓɓanta. Ran Lahadi a bencin baya suke zama, fasto na wa'azi, ita tana maimaita masa da baki ba sauti. Har tsiya ake masa, wai rediyo ya aura.

A shekarar da soja suka koma bariki, gari na ta murna, Judith ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace.

Ya 'yan'uwa, ban ce mugu ba ne. Ya yi ƙoƙari. Shi ke yi mata wanka, shi ke wanke zannuwanta a tsakar gidan haya. Bakin nan ne ya karya masa zuciya. Za ta yi magana, ya zuba ido, bai gane komai ba. Ta sake, yawu na zuba. Sai ya kau da kai. Wanda kuwa ba ya ji, in ya kau da kai, ai ya rufe ƙofa ke nan.

Shugabar zumuntar mata ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, bar mana wankin. Kai dai ka dinga kallonta."

Ya ce, "Mama, in kalli me? Gara in kai ta gida a gwada na gargajiya."

Ya kai ta ƙauye wajen uwarta, ya ce zai zo da Kirsimeti. Kirsimeti ta wuce, Ista ta wuce, kunya kuma ta ɗaure masa ƙafa.

Ana nan masaƙa ta rufe. Ya nemi gadi, amma wa zai ɗauki maigadin da ba ya ji? Kunnen ya ƙarasa mutuwa. Sai a lokacin ya kama hanyar ƙauye, ya tarar da kabari.

Surukarsa ta ajiye kunyar surukuta, ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa. Bakinta irin na 'yarta ne, don haka babu kalmar da ta wuce shi. Ta miƙa masa ɗan madubi ta ce, "Kullum da wannan take wuni, tana koya wa bakinta sunanka, don in ka zo ka gane. Ta iya, ɗana. Tun kafin damina ta iya."

Wallahi duk sanda na tuna, tausayinsu yakan kama ni. Yana nan da rai. Yakan zauna a bencin baya, yana bin bakunan mutane da ido, babu mai juyowa.

Da kuka tsaya gaban bagadi a coci ran aurenku kuka ce "cikin lafiya da cikin ciwo", wasa kuka ɗauka? Jinya ba wanki da magani kaɗai ba ce. Kada ka ɗauke idonka daga fuskar da ciwo ya ɓata, domin Almasihu bai ɗauke nasa daga gare mu ba. In akwai wadda ke jiranka, tafi yau.

Allah ya kiyaye mu da kau da kai, ya ba mu haƙurin riƙe alkawari, cikin sunan Yesu. Amin.