Jirgin Mahadi da Bai Taɓa Ruwa Ba

Wancan da ke lulluɓe da tamfol a bayan gidansu? Ai ba mota ba ce, 'yar nan, jirgin ruwa ne. Kina dariya, wai jirgi a unguwar Zahir, tsakiyar duwatsun Makka. Gyara zama ki ji.

Na Mahadi ne, maƙwabcinmu. Makanike ne na gaske, shi ke gyara motocin da ke kai alhazai Arfa. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai ba a gaya masa magana a kan inji. In ka fara, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, ya isa, na sani."

Mahaifinsa, Baba Zali, masunci ne tun a Tafkin Chadi. Ta Sudan ya biyo yana saurayi, ya ƙetaro teku, ya zauna nan Makka. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mu kai masa shayi, ya yi ta ba mu labarin ruwa, yadda kifi ke tsalle da hantsi, yadda iska ke ƙamshin ciyawa. Da tsufa ya kama shi, sai ya ce abu ɗaya yake roƙo: ya sake zama cikin jirgi ya tsoma hannu a ruwa kafin ya koma ga Allah.

Mahadi ya ji. Ya je Jidda ya sayo wannan tsohon jirgin, irin wanda ba shi da farfela, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya. Shekara uku yana ajiye ba a tayar ba. Ya jawo shi da mota har gida, ya ce ranar Juma'a za su Shu'aiba, bakin teku. Matarsa Mas'uda har ta soya kaji.

Ya murza makulli, inji ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya mutu. Baba Zali ya dogaro sanda ya zo, ya buɗe murfin tanki ya shinshina.

Ya ce, "Mahadi, man nan ya ruɓe. Warin fenti yake, kuma akwai ruwa a ƙasansa. Zubar da shi ka wanke tankin."

Mahadi ya yi dariya. "Baba, ku da kuka saba da filafili, yaushe kuka zama injiniya? Fulogi ne."

"To, injiniya. Amma ko ya tashi, kar ka bar shi yana aiki a tudu. Ruwan da yake zuƙa shi ke sanyaya shi."

"Halas, Baba, na sani. Ku koma inuwa."

Ya canja fulogi, ya canja tiyo, ya kwance kafireta ya mayar. Tankin kuwa bai taɓa ba, don kar a ce maganar tsoho ce ta yi. Ranar Alhamis da azahar ya tsiyaya sabon mai kai tsaye a bakin injin, sai ga shi ya tashi. Murna ta kama shi. Injin na mutuwa yana ƙara masa mai, yana ba shi wuta, yana kiran maƙwabta su zo su gani. Tsohon na ɗaga sanda daga tabarma, ƙara ta hana a ji shi. Can sai hayaƙi, sai warin roba, sai wani "ƙas!" Inji ya buga.

Baba Zali bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Mas'uda, kawo kajin nan mu ci, kar su lalace."

Mahadi ya ce a kai tsohon bakin teku da mota, a yi hayar wani jirgin. Tsohon ya ce a'a, na ɗansa zai jira. Kayan gyara sai an yi odarsu daga waje, wata huɗu. A wata na uku Baba Zali ya kwanta, aka yi masa salla a Harami.

Da kayan suka iso, wani mai gyaran jirage, Hisham, ya zo daga Jidda. Ya buɗe tankin, ya shinshina, ya kawar da kai. Ya ce, "Wa ya taɓa injin nan? Ai lafiyarsa ƙalau da. Mai ne kawai ya lalace, aikin rabin yini."

An gyara jirgin, yana tashi, amma Mahadi ya ja tamfol ya rufe. Shekara shida ke nan.

Abin da nake so ki riƙe, 'yar nan, sanin sana'arka ba ya hana wani ya san abin da ba ka sani ba. In babba ya ce duba nan, ka duba, ba abin da zai rage ka. Inji yana jiran gyara, amma iyaye ba kullum suke jira ba. Bari in tashi, ga baƙi can sun yi sallama, ban ko ɗora musu shayi ba.