Dawar Tadawus

An yi wani manomi a wani ƙauye na gindin dutse, yana da wa mai suna Tadawus. Shi Tadawus yana da wata jar dawa da ya gada daga kakansu. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya rataye ta a rufin ɗakin girki, inda hayaƙi ke korar ƙwari har lokacin shuka.

Ana cikin girbi Tadawus ya rasu. Bayan an share makoki, ƙanen ya shiga ɗakin girkin, ya ɗaga kai ya ga zangarniyar ta fara baƙi, sai zuciyarsa ta karye. Ya ce abin da hannun wansa ya taɓa na ƙarshe ba zai zauna cikin hayaƙi ba. Ya sauke ta, ya kakkaɓe, ya naɗe cikin farin ƙyalle, ya kulle a akwati.

Matarsa ta ce, “Maigida, iri fa ba ya son akwati.”

Ya ce, “Wannan ba iri ba ne. Yayana ne.”

Damina ta faɗi, ko ƙwaya ɗaya bai shuka ba. Amma in rana ta take, yakan kishingiɗa a gindin ɗorawa, ido rabi a buɗe, sai ya ga Tadawus yana ratsa gona sannu a hankali, fartanya a kafaɗa, ganye yana shafar fuskarsa. Yakan waigo kamar mai son faɗin wani abu. Kafin ya buɗe baki iska ta kaɗa, babu kowa.

Da shekara ta zagayo, ikilisiya ta taru domin sujadar tunawa. Zumuntar mata suka yi waƙa, fasto ya yi addu’a. Sai ga mutuminmu da akwati a ka, yana taku ɗai-ɗai, kai ka ce kayan aure ya ɗauko. Ya ce, “’Yan’uwa, ga dawar Tadawus. Na adana masa ita yadda ya bar ta.”

Ya kwance ƙyallen. Gari ne ya zubo masa a ƙafa, ƙwari suna ta gudu kowane gefe. Ya tsaya da ƙyalle a hannu, ya ji kamar yau ne wansa ya mutu, kuma da hannunsa ya ƙarasa shi.

Sai wata tsohuwa mai suna Liyatu ta dafa benci ta miƙe. Ta ce, “Ɗana, kada ka yi kuka tukuna. Shekara bakwai yayanka yana zuba mini tafi ɗaya a bakin zane duk lokacin shuka. Leƙa ta tagar nan.”

Ya leƙa. Can bayan gidanta ga jar dawa ta sunkuyar da kai, tana rangaji cikin hasken rana. Wani ya ce daga baya, “Ni ma akwai a gonata.” Wata ta ce, “Har da ni.” Manomin ya jingina da bango ya yi kuka sosai, bai taɓa sanin haka wansa yake ba.

To, ’yan’uwa da muka taru yau domin tunawa da namu, ga ma’anar misalin nan. Dawar ita ce alherin da Ubangiji ya sa a hannun ’yan’uwanmu da suka riga mu tafiya. Akwatin kuwa shi ne ƙaunarmu in ta tsaya a kan hoto a bango da anko na rana ɗaya. Ban ce kada ku ɗinka ba, ni ma nawa yana jikina. Amma kowa a nan ya san abin da nasa mamacin yakan yi lokacin da yake da rai. Wani marasa lafiya yake dubawa, wata marayun unguwa take yi wa kitso. Mutanen nan suna nan, tun ranar jana’iza ba wanda ya yi musu sallama. Wa zai je wurinsu a makon nan?