Baƙuwar Tasalla da Tsohon Madambaci

Ga ta nan, ga ta nanku. Mai surutu ya tashi tun yanzu.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata mace ce, sunanta Tasalla, duk garin ba wanda ya kai ta karɓar baƙo. Uwarta Gambo tana fama da gyambo a ƙwauri, ya hana ta tashi, sai jan gindi. An yi magani har an gaji.

Ran nan sai wata Buzuwa ta ratso gidan neman ruwa. Da ta ga ƙafar, sai ta kwance ƙullinta, ta fito da 'ya'yan kabar giwa guda uku, masu kaurin ganye, cikinsu fal ruwa mai yauƙi. Ta ce a dasa, in ganye ya kai kamu a tsaga a ɗaura wa tsohuwa. Ta ce ita ba ta sake biyowa ta nan. Sai ta yi gaba.

Tasalla ta ce abin da ya zo daga nesa baƙo ne, baƙo kuwa ba a saukarsa a wulaƙance. Sai ta sauko da tasar jerenta, ta cika ta da baƙar ƙasar fadama, ta dasa ta fari. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa.

Sai kabar giwa ta ce, "Uwar gida, na ƙoshi."

Tasalla ta ce, "Haba baiwar Allah, nan ma gidanku ne. Daina kunya."

Ta ƙara mata moɗa guda. Kafin kasuwa ta zagayo gindin ya ruɓe, ganye ya zube kamar dafaffiyar kuɓewa.

Sai ta ce laifin tasa ne, ta yi ƙanƙanta. Ta juye gero daga babbar kwalla, ta dasa ta biyu a ciki. Ita ma ta ce ta ƙoshi. Tasalla ta ce mutanen arewa akwai kara, ta tuttula mata tulu guda. Ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Gyambo kuwa yana ta ci, har ƙuda ya fara bin tsohuwa. Gambo ba ta kiran sunan Tasalla, don 'yar fari ce. Ta ce, "Ke wannan, saura ɗaya. In ta mutu, ni ma ki nemi masu haƙa."

Tasalla ta ɗauko ta ukun, tana waige-waigen inda za ta sa ta. Ita kuwa kabar giwa ta ga abin da ya sami 'yan'uwanta, ta san in ta ce ta ƙoshi ba za a ji ba. Sai ta ce tana roƙon alfarma ɗaya, a sauke ta a wancan tsohon madambacin da ke bayan rumbu, wanda kaza ke ƙwai a ciki.

Ran Tasalla ya ɓaci. Madambaci duk huji a gindi, ga baki ya ɓantare. Amma baƙo ya roƙa, ba a hana shi. Ta kori kaza, ta wanke shi. Kabar giwa ta ce a jera tsingaro a ƙasa, a zuba gawayi, sa'an nan yashin rafi da ɗan busasshen taki, a ɗora a kan duwatsun murhu inda hantsi ke bugawa. Duk Tasalla ta yi, tana yi tana ƙunƙuni.

Maƙwabciyarta Kande ta leƙo ta katanga ta ce, "Ƙawa, yau kuma dambun yashi za a yi? A ɗiba mini in ya dahu."

Abin ya ba Tasalla kunya. Don ta fanshe kunyar, sai ta ninka ruwan. Tana zubawa ta sama, yana tsiyayewa ta ƙasa, agwagi suna wanka. Kullum ta tambaya, kabar giwa ta ce, "Madalla, uwar gida." Ba ta ƙara cewa komai.

Sai ganye ya yi kauri, ya miƙe, ya kai kamu, har 'ya'ya suka fito a gefe. Aka tsaga aka ɗaura wa Gambo, aka yi ta sabuntawa. Gyambo ya kame, ya bushe. Sai dai an makara, ya riga ya taɓa jijiya. Tsohuwa ta tashi, amma da sanda, kuma da ɗingishi ta ƙare kwananta.

Tasalla kuwa ta shiga gida-gida tana ba da labari, wai biyun farko kunya ce ta kashe su, ta ukun ce kaɗai ta saki jiki ta sha ruwa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare ke nan. In mutum ya ce muku ya ƙoshi, ku janye hannu. Ku tashi, kowa ya wanke ƙafa kafin ya hau mini tabarma.