Robar da Malam Barau Bai Gani Ba

Ku gyara zama, ku da ba kwa gajiya da gardama, ga wadda za ta ishe ku har la'asar.

A Zariya an yi wani makanike, Malam Barau, wanda ya shekara arba'in da ɗoriya yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Da kunne yake gane ciwon inji tun kafin a buɗe bonet. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa sun watsu cikin gari, amma uku sun ƙi barinsa har suka yi aure suka tara iyali: Rabe, Isiyaku da Ɗahiru. Baba suke ce masa.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Idonsa ya fara dishi-dishi. In noti ya faɗi ƙasa, da lalube yake nemo shi, yana ƴan waƙe-waƙe don kada a lura.

Wata Laraba sai Sagir, ɗan amininsa Alhaji Mudi, ya kawo wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Za a yi gasa ranar Asabar a wani tsohon filin jirgi da ke bayan gari, ita kuwa motar da ta yi zagaye uku sai baƙin mai ya ɗau zafi ya tsinke kamar ruwa. Don haka Sagir ya sayo abin sanyaya mai, wanda makanikai ke kira kula. Ɗan ƙaramin lagireto ne da ake ɗaurawa a bayan bamba inda iska ke bugu, da tiyo biyu, ɗaya ya kai mai ɗaya ya dawo da shi, sai wani faifan ƙarfe da ake sakawa tsakanin inji da filta. Ya ajiye kayan ya tafi.

Ɗahiru ya ce, "Baba, bari in shiga ƙarƙashin."

Malam Barau ya ce, "Motar ɗan Mudi? Yaron da na ɗauka da hannuna ran suna? Babu mai taɓa ta sai ni."

Ya kuwa yi aiki mai kyau. Ya ɗaure kula gam, ya bi da tiyo nesa da zafin salansa, ya naɗe duk inda zai gogi ƙarfe, ya ƙara mai. Sai dai da ya kwance tsohuwar filta, zoben robarta ya maƙale a jikin injin, baƙi a kan baƙi, bai gan shi ba. Ya ɗora faifan da sabuwar robarsa a kan tsohuwar, ya ɗaure. Aka tayar da mota, ko ɗigo ba ta yi ba. Ya goge hannu yana cewa aikin manya daban ne.

Ranar Asabar da hantsi aka fara zagayen gwaji. Roba biyu kuwa ba sa riƙe mai in inji ya ɗau wuta. Rabe yana tsaye a bakin fili sai ya hango wani siririn layi yana ƙyalli a kan kwalta bayan jar motar, ga kuma kwana mai tsanani a gabanta. Ya san in man ya kai ga taya a kwanar nan, sai dai a kwaso yaron. Ba hanyar kiran Sagir, ba tutar tsayar da shi. Ya tuɓe riga ya faɗa tsakiyar hanya yana kaɗa ta. Sagir ya taka birki, motar ta ja ƙasa tana kuka, ta bugi cinyar Rabe ta yar da shi, sannan ta tsaya. Tun daga ranar Rabe yake ɗingishi.

Jama'a suka taru. Alhaji Mudi ya iso, ya ga mai yana tsiyaya, ya ce, "Wane ne ya ɗaura wannan abin?"

Malam Barau ya buɗe baki. Kafin ya ce uffan sai Isiyaku ya matso ya ce, "Ni ne, Alhaji. Baba ya bar mini aikin, na yi gaggawa." Alhaji Mudi ya ɗauke shi da mari a gaban mutane, magidanci mai ƴaƴa huɗu, samari na ɗaukarsa a waya. Sannan ya juya ya ce, "Barau, wannan ba abin ajiyewa a gareji ba ne." Malam Barau ya dubi takalmansa ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi komai ci masa rai daga baya.

Ɗahiru bai saurari hayaniyar ba. Ya shige ƙarƙashin motar injin na turiri, ƙarfe ya ƙona masa damtse, ya kwance faifan ya tarar da roba biyu. Ya zura tsohuwar a aljihu ba tare da kowa ya gani ba, ya wanke wurin, ya sake ɗaurawa, ya zuba sabon mai. Da azahar Sagir ya shiga gasa ya zo na biyu, aka riƙa yi wa Malam Barau barka. Kowace barka ji yake kamar an watsa masa ruwan zafi.

Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ranar Litinin da safe Ɗahiru ya same shi a ɗakin ajiyar kaya, ya tura ƙofa, ya durƙusa, ya sa masa zoben robar a tafin hannu. Tsohon bai buƙaci ido ba, yatsunsa suka gaya masa.

Ɗahiru ya ce, "Baba, ka yafe mini, amma idonka ne. Wannan karon roba ce. Gobe birkin motar haya ne mai fasinja goma sha takwas."

Hawaye suka bi gemun Malam Barau. Tunda yake, babu yaron da ya taɓa ganin kukansa. Ɗahiru ya tasa shi gaba har asibitin ido. Aka ceto ido ɗaya, ɗayan an makara. Da aka kwance masa bandeji, bai nufi gida ba sai wajen Alhaji Mudi, ya zauna a ƙasa, ya faɗi gaskiya duka. Alhaji Mudi ya aika aka kira Isiyaku ya nemi gafararsa. To amma mutum ɗari biyu ne suka ga marin, mutum uku suka ji ban haƙurin. Har yau akwai masu cewa kada Isiyaku ya taɓa musu mota.

Malam Barau bai ƙara riƙe sifana ba. Ya yanke shawarar miƙa garejin ga mutum ɗaya, don ya san wuri ɗaya ba ya zama da shugaba uku. Nan fa ya rasa wanda zai zaɓa.

Ba don Rabe ba, da jinin ɗan amininsa yana wuyansa. Sai dai Rabe da bakinsa ya ce ya fi shekara yana ganin Baba na lalube, nauyin baki ya hana shi magana.

Isiyaku ya sayar da sunansa ya rufa masa asiri a ranar da ba shi da inda zai sa kansa. Amma ƙarya ya yi, kuma da ƙaryar ta ɗore, da tsohon ya ci gaba da ɗaure motocin mutane yana lalube.

Ɗahiru shi ya gyara ɓarnar, shi ya ceto ido ɗaya da rayukan da ba a san adadinsu ba. Shi ne kuma ya sa dattijo kuka, ya raba shi da sana'arsa, har Isiyaku yana cewa ya mayar da marin da ya sha na banza.

Ga makullin gareji a aljihun Malam Barau, mako uku ke nan yana juya shi. To, ku da kuka ji, wane ne a cikin ukun ya fi cancanta a damƙa masa?