Labulen Mai Gyaran Jita

Ya 'yan uwa, a wani gari an taɓa yin wani mutum mai gyaran jita, irin ta lantarkin nan da ake jona wa lasifika. Na ga wasunku har sun ɗaga gira. Ku kwantar da hankalinku, ba hukuncin kiɗa ya kawo ni yau ba, wannan karatun wata rana ne. Maganar amana na zo da ita, ita kuwa amana ba ruwanta da irin kayan da aka ba ka ajiya.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙasan wani bene, tela a damansa, mai sayar da fenti a hagunsa. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasa wuya, da ƙarfen narka dalma, sai jitocin mutane rataye a bango. Allah ya yi masa baiwar ji. Makaɗi zai shigo ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, kafin ya buɗe baki mutumin nan ya ce masa wuyanta ne ya karkace, ko wata waya ce ta saki a ciki. A buɗe, a tarar haka ne. Shi ya sa kowa ke kiransa Mai Kunne.

Ba ya ba da rasit, ba kuma wanda ya taɓa nema. Mutum zai ajiye jitar da ya fi so a duniya, ya juya ya tafi ko waiwaye babu. Wannan yardar ita ce duk abin da Mai Kunne ya mallaka. Da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa mata uku, kuma da ita ake gaishe shi a layin.

Yana da amini tun suna makaranta, wani makaɗi da ake ce wa Dogo. Dogo ne ya ɗauko teburin nan a ka ranar da aka buɗe shagon, shi ne kuma ya bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya yana cewa su kai gyara wurin ɗan uwansa. Ya yi shekaru yana kiɗa a otal-otal da ɗakunan taro, yana hawa motar haya, yana tsuke bakin aljihu, har Allah ya nufa ya sayi jita ta gani ta faɗa. Ya raɗa mata suna Gimbiya. Matarsa kan ce da za a yi gobara, ta san wadda zai fara fitarwa, kuma ba ita ba ce.

To, makaɗan nan suna da wata gardama da ba ta ƙarewa. Akwai jitar da kuɗinta bai wuce na keken ɗinki ba, akwai wadda kuɗinta ya kai na mota. Shin mai tsadar ta cancanci tsadarta, ko suna kawai ake saya? A shagon Mai Kunne ake wannan musu, har jijiyoyin wuya su tashi. Shi kuma ra'ayinsa ɗaya ne: bambanci akwai shi, amma bai fi silin gashi ba, kuma cikin mutum ɗari da ƙyar biyu za su ji shi.

Wata Asabar da yamma musu ya yi zafi, sai ya leƙa wurin tela ya aro yadi mai kauri, ya ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan. Ya sa makaɗi ɗaya ya shiga bayan labule da jita biyu, mai tsada da matsakaiciya, ya kaɗa waƙa iri ɗaya da kowacce. Ya ce wa jama'a, duk wanda ya ji mai tsada ya ɗaga hannu. Ku zo ku ga kallo. Manyan masana da suka cika baki, rabi suka nufi gabas rabi suka nufi yamma. Aka yaye labule, aka kwashe da dariya har mai fenti ya rufe shago ya shigo.

Daga nan abu ya zama na duk Asabar. Benci ya yi kaɗan, aka riƙa tsayawa a bakin titi. Masu matsakaiciyar jita suna fita kansu a sama, masu mai tsada suna cewa lasifikar ce ba ta da kyau. Mai Kunne yana tsakiya baki har kunne, yana jan labule kamar mai buɗe sabon asibiti. Kuma har nan, ya 'yan uwa, bai yi laifin komai ba. Gaskiya ya faɗa, gaskiya kuma ta fito.

Amma kun san Shaiɗan ba ya zuwa wa mai ilmi da ƙarya tsagwaronta. Gaskiyarka yake ɗauka ya ɗan karkata ta.

A jikin kowace jitar lantarki, ƙarƙashin tsirkiyoyi, akwai wasu 'yan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Su ne ke ɗaukar sauti su kai wa lasifika, su ne maƙogwaron jitar. Na mai tsada da hannu ake naɗe su. Daga waje kuwa duk kamarsu ɗaya, murfi ne baƙi ko fari. Ran nan wani attajiri ya kawo tasa a goge masa, mutumin da bai iya kaɗa ko layi ɗaya ba, a falo yake rataye ta baƙi su gani. Mai Kunne ya jona ta don gwaji, ya ji wannan silin gashin da shi kaɗai ke ji. Sai zuciya ta ce masa: wa zai sani? Ba kai ka nuna wa duniya ba a jin bambancin ba? Wannan murya ta ƙare a jikin bango?

Sukurori huɗu, ɗigon dalma biyu, minti ashirin. Ya cire maganaɗisu na ainihi ya sa na kasuwa, ya mayar da murfi. Attajiri ya zo ya karɓa, ya yaba yadda take ƙyalli, ya tafi. Mai Kunne ya yi kwana uku gabansa na faɗuwa. Da ya ga shiru, sai faɗuwar gaba ta koma murna.

Wa ya taɓa yin irin wannan sau ɗaya ya tsaya? Bayan attajiri sai wani lauya, bayan lauya sai wata mawaƙiya. Ba sayarwa yake yi ba, kada ku ce yunwa ce. A gwangwanin biskit yake tara su ƙarƙashin tebur, yana sa wannan a tasa jitar matsakaiciya, ya saurara, ya cire ya sa wancan. Har ya daina kiran abin sata a ransa, yana cewa ceto yake yi daga hannun waɗanda ba su san darajarsa ba.

Sai ga Dogo ya kawo Gimbiya, wani maɓalli yana ƙara. Ya ajiye ta a tebur ya ce, “Ga 'yarka nan, sai jibi.” Ya fita. Mai Kunne ya jona ta. Duk abin da ke gwangwaninsa bai kama ƙafar wannan murya ba. Ya tashi ya zaga shago, ya dawo ya zauna. Ya tuna wanda ya ɗauko teburin da take kwance a kai. Ya tuna, wallahi ya tuna, kuma ya ɗauki sukundireba.

Bayan mako biyu Dogo ya leƙo yana sosa ƙeya. Ya ce, “Ɗan uwa, Gimbiya kamar mura take yi kwanan nan.”

Mai Kunne ya ce, “Kunnenka ne ya fara tsufa, Dogo. Kawo in sa mata sababbin tsirkiyoyi, kyauta.”

Dogo ya yi ta godiya, har da sa masa albarka.

Yanzu fa wasan labule ya canza. Da, rabi da rabi ake yi. Tun da muryar Gimbiya ta koma jitar Mai Kunne, sai kusan kowa ya riƙa zaɓen tasa yana cewa ita ce mai tsada. Labari ya bazu, ana ɗauka a waya ana turawa. Daɗi ya kwashe shi, ya ce saura babbar gasa ɗaya: tasa da Gimbiya. Ku ji ƙarfin hali. Dogo, wanda bai taɓa yarda a sa ta a wasan ba, ya ce don ɗan uwansa ya yarda.

Ranar, titi ya cika har masu mota suna ta hon. Tela ya fito da kujerunsa, mata suna leƙowa daga saman bene. Wata malamar kiɗa da kowa ya yarda da adalcinta ta shiga bayan labule. Ta kaɗa ta farko, aka yi tsit. Ta kaɗa ta biyu, sai wurin ya ɗauki guna-guni, hannuwa suka tashi kamar an yi musu umarni. Dogo da ke tsaye a gaba ya fi kowa ɗaga nasa, ya ce, “Ta biyun nan Gimbiyata ce. Ko daga barci aka tashe ni na san muryarta.”

Mai Kunne ya ja labule. Jitarsa ce a hannun malama.

Wuri ya kaure da sowa. Ana bubbuga kafaɗar Dogo, ana ce masa ya sayar ya sayi mota ya huta. Shi ma yana dariyar, irin wadda ba ta wuce haƙori ba. Alhali, ya 'yan uwa, duk taron nan shi kaɗai ne bai yi kuskure ba. Muryarta ya ji.

Akwai wani dattijo a wurin, mai shagon sayar da jitoci masu tsada, wanda wasan nan ya kashe wa kasuwa. Ya ɗaga murya ya ce, “Ni ban yarda ba. Shekara talatin ina wannan sana'a, matsakaiciya ba ta wannan kuka. Akwai abin da ya cusa a cikinta.”

Kafin Mai Kunne ya haɗa kalma, Dogo ya juya ransa a ɓace. Ya ce, “Baba, da girmanka. Wannan mutumin da kake gani, ko makullin gidana yana hannunsa. Ba a yi masa ƙazafi ina tsaye. A ba ni sukundireba, tawa zan fara buɗewa, sannan tasa, kowa ya gani ka ba shi haƙuri.”

Mai Kunne ya ce, “Bar shi, Dogo, ba sai an kai nan ba.”

“A'a, sai an kai. Mutuncinka ne.”

Mai Kunne yana tsaye yana kallon amininsa yana kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya don ya wanke shi. Dogo ya juya maganaɗisun Gimbiya, ya ga roba ce fara, ba tambari, ga ɗanyar dalma tana ƙyalli. Duk da haka bai kawo komai a ransa ba. Ya ce, “Ashe tun daga kamfani aka cuce ni.” Dattijo ya ce a buɗe ɗayar. Malama ta miƙo ta. Da aka juya maganaɗisun jitar Mai Kunne, sai ga tambarin kamfani, ga sa hannun wanda ya naɗa wayar da koren tawada. Wannan sa hannun, Mai Kunne da kansa ya nuna wa Dogo shi ranar da Dogon ya kawo Gimbiya sabuwa suna murna.

Wayoyi dai suna sama suna ɗauka. Dogo ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa, sannan ya ɗago ido jajur ya ce, “Ka ce min kunnena ne ya tsufa.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya sa Gimbiya a akwatinta a buɗe yadda take, ya ratsa mutane ya tafi.

Washegari tun da hantsi layi ya kafu a ƙofar shago, ba na gyara ba. Kowa da jitarsa da sukundirebansa. Aka jawo gwangwani daga ƙarƙashin tebur, lauya ya gane nasa, mawaƙiya ta gane nata. Waɗanda bai taɓa cuta ba, su ne mafi yawa, su ma suka sauke kayansu daga bango, domin wa zai rantse musu? Kafin azahar ƙusoshi kawai suka rage. Tela ya shigo ya kwance yadinsa ya fita.

A gida matar Mai Kunne ta tambaye shi abu ɗaya: “Mun rasa abinci ne, Baban yara?” Ya ce a'a. Ta ce, “To me zan ce wa matar Dogo?” 'Yarsa babba ta daina zuwa makaranta mako guda saboda kowa ya ga hoton a waya.

Hukuma ta yi nata, ya mayar da kayan mutane, shago ya koma hannun mai gyaran takalma. Ya nemi aiki a wasu shagunan, kowa ya ce ya san hannunsa, hannun ne ma matsalar. Yau kwali yake ɗauka a wani sito. Ya je ƙofar Dogo sau uku. A na ukun Dogo ya fito ya ce ya yafe masa saboda Allah, ya kuma miƙa hannu ya karɓi makullin gidansa.

Ya 'yan uwa, kuna jira in gaya muku ko mai tsada ta fi matsakaiciya? Ban sani ba, ku tambayi masu abin. Abin da na sani shi ne mutumin nan bai yi ƙarya ba da ya ce mutane ba sa jin bambanci. Kuskurensa, ya ɗauka abin da kunnen mutum bai kama ba, ba a rubuta shi ba. Kai makanike da ke cire na ainihi ka sa na jabu, kai mai gini da ke rage siminti a inda fenti zai rufe, ke mai ɗinki da ke ɓoye ragowar yadi, duk bayan labule kuke aiki. Wanda ya ba ku kayansa ya juya baya, ba wauta ce ta sa shi ba, yarda ce. Kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai shi ne zai tsaya yana kare ka a ranar da asiri zai tonu, ka rasa inda za ka sa fuskarka.

Wanda ya san akwai gwangwani a ƙarƙashin teburinsa, ya fito da shi yau da hannunsa, tun ba a jawo masa shi ba.

Ya Ubangiji, ka tsare hannuwanmu daga abin da aka ba mu ajiya. Kada ka sa baiwar da ka yi mana ta zama sanadin kunyarmu, nan da gobe kiyama. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu daga cin amanar wanda ya amince da mu. Amin.