Buhu Mai Hula

Akwai wani mutum a bakin wani babban kogi, sana'arsa tura masara zuwa hayi. Yana da jirgin ruwa guda ɗaya mai inji, ƙanensa ne yake tuƙa shi. Jirgin nan tan goma yake ɗauka, ba ya wuce haka.

Mutumin yana da bawa marar jiki a cikin wayarsa, irin na'urar nan mai magana da muryar mutum. Aikinta juya ma'auni. A gaya mata mudu ta mayar kilo, a gaya mata buhu ta mayar tan. In ta gama sai ta yi magana da wata na'ura 'yar'uwarta da ke tsaron mashigar jirage, su biyu su daidaita, sa'an nan a buɗe wa jirgi hanya. Ba ta gajiya, ba ta kuwa taɓa kuskure ba.

Sai ya zama wata rana aka kawo masa buhu ɗari daga ƙauye. A ƙauyen nan in sun cika buhu har baki, sukan ɗora wani guntun buhu a kai, su ƙara hatsi, su ɗinke. Suna ce da shi buhu mai hula. Mutumin ya ga hulunan da idonsa. Ya kuma ga motar da ke jiransa a hayi, wadda ba za ta tsaya sawu biyu ba.

Ya ce wa na'urar, “Buhu ɗari ne.”

Ta ce, “Buhunan irin na kullum ne?”

Ya ce, “I, irin na kullum.”

Ta ce, “Buhu ɗari, kilo dubu goma, tan goma daidai.” Ta gaya wa 'yar'uwarta, aka buɗe hanya.

Da aka gama lodi, ƙanen ya tsuguna ya sa hannu a gefen jirgin. Ya ce, “Yaya, jirgin nan ya zauna da yawa. Yatsu uku suka rage ruwa ya shigo.”

Wan ya yi dariya ya ce, “Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, kai za ka gyara wa na'ura aikinta? Da yatsa ake auna tan?”

Ƙanen ya ce, “Ni dai ruwa na sani, Yaya. Amma tunda ka ce.” Ya ta da inji.

Rana tsaka ce, ba iska, ba hadari. Kogin yana kwance shiru kamar an shimfiɗa tabarma. Mutumin yana tsaye a gaɓa yana kallo. Da jirgin ya kai tsakiya bai kife ba, bai karye ba. Ƙasa kawai ya riƙa yi a hankali, har hulunan buhunan kaɗai ake gani jere a kan ruwa. Sa'an nan su ma suka shige. Ƙarar injin ta ɗauke. Ba a ji ihu ba.

Sai muryar ta fito daga aljihunsa, a natse, ta ce, “Kaya suna hanya. Nauyinsu daidai ne.”

Kwana uku ana nema, ba a sami ƙanen ba. Kowace safiya kuwa muryar takan ce, “Kaya ba su iso ba. Buhunan irin na kullum ne?” Ya jefa wayar a kogi, ya sayi sabuwa. Yana kunna ta, bawan nan ya riga shi shiga ciki, ya sake yi masa tambayar. Har ya tsufa bai amsa ba.

To, ku buɗe kunne, ga ma'anar misalin nan. Mai masarar kai ne, ke ce. Buhu mai hula shi ne zunubin da kuka ƙara wa nauyi kuka bar masa ƙaramin suna. Ka yi ƙarya, ka ce wasa ne. Kin ɓata sunan maƙwabciyarki a bakin rijiya, kin ce hira ce. Na'urar nan zuciyarku ce. Sau ɗaya takan tambaye ku gaskiya. In kun ruɗe ta, za ta juya muku ƙaryar ta fito sumul, har ku sami wanda zai ce daidai ne. Kada kowa ya ce mini laifin na'ura ne. Abin da aka ba ta shi ta auna.

Kogin kuwa shari'ar Ubangiji ce. Ba ta jin sunan da kuka sa wa kaya, nauyinsu take ji. Ku lura kuma, ba mai ƙaryar ne ya nutse ba. Wanda ya yi masa biyayya ne.

Saboda haka kafin ku tashi daga bencin nan, kowa ya tuna wanda yake yarda da maganarsa a gida ba tare da ya bincika ba. In akwai abin da kuka rage masa suna a makon nan, ku je ku faɗa masa sunansa na gaskiya yau, tun mutumin yana da kunnen da zai ji ku.