Duba-Garin da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Bici da Ɗambatta. Duba-gari ne. Aikinsa ya shiga inda ake sayar da abinci, ya buɗe tukwane, ya leƙa randa, ya ga ɗakin ajiya. In ya gamsu sai ya sa hannu a takarda, a manna ta a bango, jama'a su ci hankali kwance.

Mutumin nan ba ya cin hanci, wannan kowa ya shaida. Masu tuwo na hango shi sai su rarumi tsintsiya.

Amma uwar matarsa, Hajiya Ikilima, tana da gidan abinci a bakin kasuwa. Kun san yadda muke da surukai. Wanda ko haɗa ido ba ya iya yi da ita, ina zai iya buɗe mata tukunya? Duk shekara sai ya je ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Shigo mana ka duba, Malam," in ji ta.

"Haba Inna, ni ne zan duba ki?"

Sai ya ɗora takardar a gwiwarsa ya sa hannu. Shekara huɗu yana haka, yana jin daɗi wai shi mai ladabi.

A ɗakin ajiyar kuwa akwai buhunan waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari don su kai damina, jingine da waken girki. Da ya taka ɗakin sau ɗaya, warin kaɗai ya isa ya sa a fitar da su.

Ranar wata kasuwa mai girkin ta ɗebi wake a buhun da ba shi ba. Kafin la'asar mutum goma sha tara suna kwance suna amai. Uku ba su tashi ba. Ɗayansu Muhammadu Sani ne, manomin da ya kawo gyaɗa, ya bar 'ya'ya biyar.

Masu bincike suka ɓamɓaro takardar daga bango, ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro. Aka kore shi daga aiki. Garin ya gagare shi zama, don ko masallaci ya shiga sai ya ga maraya.

Ya je gaida surukar tasa a inda take tsare, ya sake durƙusawa. Ta dube shi tana hawaye ta ce, "Ni ban yi karatun ba, kai ka yi. Me ya hana ka shiga?"



Ya 'yan uwa, kunya ado ce, amma ba a biyanta da ran wani. Sa hannu shaida ne. Wanda ya shaidi abin da bai gani ba ya yi shaidar zur, ko da a durƙushe ya yi ta. Wace amana aka ba ka, kake tsayawa a bakin ƙofarta?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin.